Kafin Hanya

A Yanina, kusa da bakin tafki,
ofishinmu na rubuta wasiyya yana bene,
bisa shagon wani maƙerin azurfa.
Shekara goma sha tara ina buga takardun mutane a nan,
ni Efrosini, 'yar mai gyaran agogo.
Takarda da yawa da kalma ɗaya take buɗe baki:
proimiyo.
Yatsuna sun haddace ta, ban taɓa tambayar asalinta ba,
kamar matakalar da kake hawa kullum
ba ka san yawanta ba.

Wata Talata aka sauko da tsoho Anestis daga kan dutse,
rigar ulunsa na warin cuku da hayaƙin itace.
'Ya'yansa, Fotis da Stratos, suka zauna,
kowa ya ba ɗan'uwansa ƙeya.
Shekara shida ko gaisuwa babu
a kan rijiya ɗaya da bishiyar tuffa bakwai.

Na ce, Baba, faɗi wa ka ba gona, wa ka ba garke.
Saman takardar bar mini,
layi uku ne, na kowa iri ɗaya.
Ya ɗora sandarsa a kan teburina
ya ce, 'Yata, saman ne ya kawo ni.

Malamin ƙauyenmu, in ji shi, mai ido ɗaya,
ya taɓa fasa mana kalmar nan gida biyu da alli.
Pro: abin da ke gaba, kafin.
Imos: hanya. Wasu sun ce a'a, waƙa ce tushenta.
Mutanen da, in mai kiɗa zai ja dogon labari,
sai ya ɗan taɓa tsirkiya tukuna
har masu surutu su haɗiye sauran zancensu.
Ba waƙar ba ce.
Amma in babu ita, a ƙasa waƙar ke zubewa.
Ni aji huɗu na tsaya,
sai dai na san ba a kora tumaki kan siririyar hanya
sai jagaba ya kaɗa ƙararrawarsa.

Rubuta, ya ce. Na rubuta.

Cewa uwarsu ce ta nuna inda za a haƙa rijiyar,
da cikin Stratos wata bakwai.
Cewa shekarar da ƙanƙara ta toshe ƙofa kwana tara
bargo ɗaya suka shiga su biyu, da ɗan akuya a tsakani.
Cewa da maciji ya sari ƙaramin
babban ne ya goya shi har bakin titi,
takalmi ɗaya a ƙafa, bai ma sani ba.
Cewa shi Anestis ya yi son kai a wani wuri,
ya san wurin, su ma sun sani.

Shafi biyu da rabi.
Uwar ɗakina ta ɗaga tabarau ta duba,
ta ce doka ba ta nema ba,
ba ta kuma hana ba. Ci gaba.

Rabon kansa layi huɗu ya ci.
Rijiya ta kowa ce.

Ba zan ce sun rungumi juna ba.
Fotis ya sa hannu yana kallon taga,
Stratos ya goge hanci ya ce mura ce.
Amma wajen sauka tsohon ya yi tuntuɓe,
ko da gaske, ko da gangan, Allah masani,
wannan ya kama dama, wancan ya kama hagu,
ba wanda ya ce uffan
har suka wuce bugun gudumar maƙeri.

Da yamma na rufe ofis na bi bayansu ina ƙirgawa.
Ashirin da uku.
A ta ƙarshe na tsaya, makulli a hannu,
ina neman layin da zan fara da shi
in na kira yayata a waya.